Jajayen Huluna Goma Sha Ɗaya

"Ƙirga su!" in ji ɗana, muna ta cusa yara cikin jirgin ƙasa kafin ƙofa ta rufe.

Kwana uku ke nan muna yawon buɗe ido a birnin da ko gaisuwarsu ba mu iya ba. Surukata, matarsa, ta saya wa yaran jajayen huluna don kada wani ya ɓace. Duk inda aka tsaya sai an ƙirga.

Ta bi hulunan da yatsa. "Goma sha ɗaya. Mun cika."

"Saura ke, Hajiya," ɗana ya tsokane ni. "Ko ke ma a sa miki hular?"

Yara suka kwashe da dariya. Ƙofa ta rufe.

Sai na hango ta ta gilashi: 'yar marigayi babban ɗana, mai shekara shida, tsaye a waje, kanta babu hula, rungume da gorar ruwan da aka ba ta riƙo. Ko kuka ba ta yi ba. Jira take a kira ta. Jirgi ya ja.

Na damƙi hannun surukata. "Makauniya ce ke? Kin yi kuskuren ƙirga!"

"Ban yi kuskure ba, Hajiya," ta ce a sanyaye. "Ranar da zan sayo hulunan, ke na tambaya jikokinki nawa ne."

Na buɗe baki zan ƙaryata ta, sai na tuna.

Ni na ce sha ɗaya.