Munduwar Yaya Iro

Tun da Hukumar Jarumai ta ɗaura wa masu baiwa munduwa, babu mai tashi sama sai fitilarta ta nuna kore. In ta nuna ja, mutum ya tsaya, ko da sama da ƙasa za su haɗe.

Lantana ce ke zana mujallar hukumar. Ranar Asabar ta kai wa yayanta Iro sabuwar fitowa, ta same shi a ƙofar gida yana watsa wa tantabaru dawa. A bangon mujallar ga shi nan sama da ambaliyar bara, rungume da wata tsohuwa, munduwarsa kore shar.

Ya daɗe yana kallo.

"Inna Tabawa ce, kin fito da ita sak," ya ce. "Sai dai ranar ba ɗankwali a kanta. Ruwa ya tafi da shi kafin ya tafi da ita."

"Yaya, abin da aka ce in zana na zana."

"Ina kan gada, Lantana. Tana kiran sunana, ni kuwa ina kallon hannuna kamar mai jiran a sha ruwa. Sau ɗaya dai, zana ni a tsaye, da fitilar yadda take."

Ta sunkuyar da kai. Ranar da ta fara aiki ta ga gurbi guda fayau a akwatin launukanta, ta ɗauka mantuwa ce.

"Ba a ba mu ja, Yaya."

Tantabarun suka tashi fir. Iro, bisa sabo, ya dubi hannunsa.