Mai lambun da ya yi dashe da rana tsaka

Tunda gaggawa ce ke cin ka, zauna ka ji abin da ya sami wani mai lambu a bakin fadama. Mutumin ya reni irin tumatir da tattasai a ƙarƙashin rumfar ciyawa, yana shayar da su safe da yamma, har suka yi kore shar. Ana cikin bazara, rana kamar ta fasa dutse, sai ya ji labarin kayan miya sun yi wuya a kasuwa. Ga rumbunsa ya kusa ƙasa, ga iyali. Ya ce a ransa, in ya riga maƙwabta dashe, shi zai riga su tsinka. Bai jira rana ta yi sanyi ba. Ya yaye rumfar gaba ɗaya, ya tuttumɓuke irin, saiwoyi tsirara, ya bi ramuka yana cusawa cikin ƙasa mai ƙuna. Matarsa da ta kawo masa fura ta ce, "Malam, ko mutum aka fitar daga inuwa haka ai sai ya jigata." Ya ce ruwa zai tashe su. Kafin la'asar duk sun kwanta. Ya yi ta kwara musu guga bayan guga, amma kashegari ganyen ya zama kamar tsumma.

Ya daɗe tsugune a bakin rijiya, sannan ya kwance ɗan ragowar irin da ke ƙulle a tsumman riga ya sake shukawa. Wannan karon ya riƙa zare ciyawar rumfar kaɗan-kaɗan, har tsiron ya saba da rana. Ranar dashe ya jiƙa ƙasa tun da safe, ya bari sai da inuwa ta miƙe, ya riƙa ɗago kowane tsiro da dunƙulen ƙasarsa, ya dasa a rami mai laima, ya kafa masa ganye ta gefen da rana ke duka. Suka ɗan sunkuya, da gari ya waye suka miƙe. Sun kama, sun yi kyau, sai dai ranar da nasa suka fara fure, maƙwabtan da ya so ya riga suna wucewa ta gefen shingensa da kwanduna cike a ka. Ya bi su da kallo, ya koma kan gugansa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, sauri ya haifi nawa.