Kwandon Wayoyi a Bakin Ƙofa

Ranar da aka sa hannu kan tsagaita wuta matarsa ta rasu.

Shi ne mai shiga tsakani, dokar ma tasa ce: kowa ya ajiye waya a kwando, ba shiga ba fita sai an daidaita. Attajirin da ya ɗauki nauyin zaman ba ya jawabi bai yabi wannan dabara ba.

Janar-janar biyu suka yini suna jayayya kan wanda zai fara miƙa hannu. Daga ƙarshe suka miƙa tare, saboda mai hoto.

Da aka buɗe ƙofa, ƙanwar matar na tsaye, ko takalmi babu.

"Yaya, tun safe muke kira daga asibiti. Masu gadi sun ce kai ka hana."

Attajirin, da bai ji ba, ya jawo hannunsa. "Malam, kai ne a tsakiya!"

Ya tsaya a tsakiyar.

Bai gama karɓar gaisuwa ba aka koma harbi.

Da ma ya bari ne sai ya dawo gida, suna cin abinci, ya gaya mata wannan ne taronsa na ƙarshe.