Ranar da Aka Janye Jirage a Cala Scura

Ku 'yan zamani ba ku da kunya. Kuna faɗa wa garin mutane kamar gonar ubanku, ba gaisuwa, ba tambaya. To ku saurari abin da ya sami Manfredi, ɗan masu hali daga Milano, da ya zo garinmu shan iska.

Da hantsi ya sauko ta matakalar dutse, hanya ɗaya tak da ke shiga Cala Scura. Teku kwance lumui kamar man zaitun a faranti. Amma duk kwale-kwalen masunta an janye su can sama, har gindin coci, an ɗaɗɗaure. Ko jaririn garinmu ya san abin da ake nufi da haka: iskar yamma na tafe.

Manfredi bai sani ba. Ya tsaya kan Baffa Calogero, tsohon masunci da ke ɗinkin taru.

"Kai tsoho, rana ta yi kyau haka kuna zaune? Shi ya sa talauci ya aure ku. Jirgi nake so, zan je kogon nan na bayan tsibiri."

Calogero ya ɗaga kai, ya daɗe yana duban fuskarsa.

"Ƙashinmu ya tsufa, yallaɓai. Je ka ga Inna Crocifissa, ga ta can cikin baƙaƙen kaya. Tana da jirgin da ba mai shiga."

Crocifissa ta karɓe shi hannu biyu. Ta zaunar da shi, ta yanka masa burodi da kifi mai gishiri, ta zuba masa ruwan inabi.

"Ci, ɗana. Ka taɓa zuwa wajenmu?"

"Bara na ratsa ta ruwanku da jirgin babana. Gudu ne da shi, Inna, ba irin akwatunan nan naku ba."

"Haka na ji," in ji ta. "Ƙara kifi."

Ta ba shi jirgin, ta ƙi karɓar komai. Maza huɗu suka tashi ba wanda ya roƙe su, suka tura masa jirgin har cikin ruwa. Mata suka fito ƙofar gida suna kallo. Ya ɗaga musu hannu yana dariya, yana cewa bai taɓa ganin mutanen kirki irinsu ba.

Da rana ta karkata iskar ta iso. Teku ya yi baƙi, hazo ya rufe bakin gaɓa. A al'adarmu, in jirgi na cikin teku a irin wannan rana, ana kaɗa ƙararrawar coci ba tsayawa, don mai tuƙi ya bi sautin ya kauce wa duwatsu. Ko don abokin gaba ana kaɗawa.

Ranar ba wanda ya taɓa igiyar. Mutane suka jeru a bakin ruwa, hannu a ƙirji. Sun ji ihunsa ta wajen duwatsu, yana kiran Inna, yana kira, har iska ta fi ƙarfin muryar.

Da safe teku ya dawo da shi, kifaye sun riga sun fara da idanu. Crocifissa ta sunkuya ta duba shi da kyau, ta koma gida. A daren ta ci abinci har ta ƙoshi, karo na farko tun bara, ranar da farfelar jirgin ɗan Milanon nan ta raba kan ɗanta Gaspare biyu yana nutso, alƙali kuma ya sallami Manfredi ya ce tsautsayi ne.