Ɗigo a Ƙarƙashin Matakala

Guguwar da ta kayar da benen kasuwa ita ta tafi da sabis ɗin garin. Kowa sai ɗaga waya sama yake kamar mai shanya.

Masu ceto suka iso da motarsu mai doguwar eriya. Duk wayar da ke kunne a ƙarƙashin ɓaraguzai, motar za ta kamo ta, ta nuna inda take. Da suka gama zaƙulo waɗanda suka samu, shugabarsu ta ce a naɗe kaya, wata unguwar na jira.

Sai ga wani tela ya sha gabanta yana haki, takalmi ƙafa ɗaya.

"Ranki ya daɗe, saura mutum ɗaya. A kan idona ya shige benen."

"Sunansa?"

"Ana ta rai, wa ke ta suna? Ga lambar waya."

Ya karanto ta ba gargada. Aka saka, sai ga ɗigo ya bayyana a allo, daidai ƙarƙashin matakala.

"Yaya kamanninsa?"

"Jar riga. Akwai shi da gudu. Don Allah ku hanzarta, batirin nan ba ya riƙe caji."

Gaskiyarsa kuwa. In wayar ta mutu, ɗigon ya ɓace, mai jar riga kuma sai dai addu'a.

Tela bai jira shebur ba. Da hannu ya dinga yaƙushin bulo har faratansa suka yi jini. Da aka kawo ƙarfen ɗaga kankare, ya roƙa a bi a hankali, musamman ta wajen cinyar dama. Mata suka fara share hawaye. Wata tsohuwa ta dungure wa ɗanta kai, ta ce ya buɗe ido ya ga yadda ake zumunci.

Ɗigon ya ɗauke daidai lokacin da ƙafa ta bayyana. Aka jawo saurayi fari fat da ƙura, yana tari, da ransa. Wuri ya kaure da tafi.

Tela ya faɗa kansa ya rungume, hannunsa ya zarce aljihun dama. Ya zaro wayar, ya hure ta, ya goge da bakin riga, ya gode wa Allah da ko tsagewa ba ta yi ba. Sannan ya juya wajen ɗan sandan da ke tsare taro.

"Yallaɓai, in likita ya gama da shi, ga ɓarawon da ya fizge mini waya."