Mijin da Ke Mutuwa a Kowane Shafi

"Zo ki ga wannan," in ji maigidana daga falo, yana dariya har da hawaye.

Na bar wanke-wanke na je. Tun dawowata daga aiki ban zauna ba.

Littafin zanen nan ne da yake mutuwar so, na matar da ke kashe malalacin mijinta a kowane shafi. Yau da dutsen guga ta gama da shi.

"Wallahi mai zanen nan mugu ne. Na ƙosa kashi na huɗu ya fito. Miƙo min ruwa."

Ruwan yana gabansa. Na miƙa masa.

Na shige ɗaki na jawo kashi na huɗun daga ƙarƙashin katifa. Saura shafi ɗaya in gama. Na ɗauki fensir, na zana kofin ruwa.