Lambar Wayar Ramlat

"Kada ka kira ta tukuna," Bunu ya ce wa abokinsa Zubair, malamin lissafi a Kunci. "Ramlat ba za ta gudu ba. Ba kai ka rantse sai mai lambar wayar da ba ta rabuwa za ka aura ba?"

Zubair ya rubuta lambar Ramlat a allon aji, ya hau rabawa. Uku ta ƙi, bakwai ta ƙi. Aka yi shuka, aka yi girbi, yana ta fama, Bunu yana kawo masa alli.

Ranar da ya tabbatar babu mai raba ta sai ɗaya da ita kanta, ya kira.

Namiji ya ɗauka.

"Malam, ka gama lissafin?" in ji Bunu. "Amaryata tana girki, me zan ce mata?"